Gahwara a Kantin Kwari

Gwaggo Batulu haifaffiyar Birnin Tudu ce ta ƙasar Bakura. Aure ya kai ta Faru ta ƙasar Maradun, rashin zaman lafiya kuma ya dawo da ita Talata Mafara, inda take zaune a gidan wanta, Malam Surajo, tana dakan fura tana sayarwa. Mijinta, Nagode, manomin rani ne. Wata ranar kasuwa ya ɗaure buhun albasa a bayan babur ya nufi Maradun, bai isa ba, bai kuma dawo ba. Ba a kira an nemi fansa ba, ba a tsinci babur ba, ba a ga gawa ba.

Matar da mijinta ya rasu ta san matsayinta: za ta yi takaba, ta fita, ta ci gaba da rayuwa. Wadda aka saka ma ta san nata. Matar wanda ya ɓace kuwa igiyar aure tana kanta, alhali babu wanda ke riƙe da ɗaya bakin igiyar. Shari'a ba ta yi watsi da irin wannan mace ba. Za ta kai maganarta gaban alƙali, a yi cigiya, a yanka wa'adi na shekaru. Idan ya cika babu labari, ta shiga takaba kamar wadda aka yi wa rasuwa. Malam Surajo mutum ne mai son a yi abu bisa ƙa'ida, saboda haka ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya har wa'adi ya cika. Abin da ya rage shi ne Batulu ta ajiye ado ta zauna. Ta amsa da baki, amma ta roƙi alfarma guda: tunda mai takaba ba ta tafiya, a bar ta ta fara zuwa Kano ta ga Raliya, 'yar Malam Surajo da ke aure a Rijiyar Lemo, ta kuma sayo yadin da za ta yi zaman da shi.

Raliya ta ƙudurta cewa gwaggonta ba za ta shiga ɗaki ba sai ta ga birni. Da safe suka hau adaidaita sahu zuwa gindin dutsen Dala. Batulu ta hau matakala kaɗan ta zauna tana haki, ta dubi rufin kwano da ya shimfiɗu har inda ido ya tsaya.

"Duk wanga, mutane na ciki?" ta tambaya da harshenta na gida. "To ina gonakinsu?"

"Gwaggo, a nan kasuwa ce gona," in ji Raliya.

"Shi ya sa kika rame."

Da suka sauko, wani mai rake ya turo baronsa kusa da su ya ce, "Hajiya, hwarin rake na, ga zaƙi." Batulu ta juya da sauri har mayafinta ya zame. Mutanen Kano *fari* suke cewa. *Hwari* kuwa bakin mutanen ƙasarta ne. Ta tambaye shi garinsu, ya ce Bakura. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi gida da gajiya da ƙarin haƙuri, sannan a ƙarshe, da muryar da ta ƙanƙance, ta ce ko ya taɓa gamuwa da wani Nagode na Hwaru. Ya ce bai san shi ba.

Daga nan kallon gari ya zama mata wani abu dabam. A marinar Ƙofar Mata, Raliya tana nuna mata yadda ake tsoma farin yadi a rijiyar baba ya fito shuɗi, ita kuwa kunnenta yana wajen wani ɗan garuwa da ya ce wa abokinsa, "Mu tahi." Ɗan Maradun ne. A lungunan Kurmi, tsakanin masu sayar da kwalli da turare da jakunkunan fata, ta tsayar da wani mai yankan farce. Daga ƙauyukan Mafara ya fito. A Jakara suka zauna cin gurasa da aka barbaɗa wa ƙuli da mai, Raliya tana ta yabon cewa babu irinta a duk ƙasar Hausa, Batulu ta gutsura sau biyu ta ajiye, domin mai kawo ruwan wanke hannu ya ce *munka* a wurin da Bakano zai ce *muka*. Kowane ɗayansu ta tambaya, kowanne ya girgiza kai. Abin da ya fi tsorata ta shi ne yawansu. Ƙauyukan da ta sani an rufe ƙofofinsu, ciyawa ta cinye gonakinsu, ga mutanensu nan warwatse a kan titi, suna tura baro suna ɗaukar kayan wasu.

Raliya ta lura, ta yi ƙoƙarin kawar mata da hankali. Ta kai ta wani ƙaton kanti mai sanyi a Titin Gidan Zu, inda matakala ke tafiya da kanta. Batulu ta ƙi hawa.

"Abin da bai da rai shina tahiya, ni mai rai in tsaya bisa? Ki tahi, ina nan."

Raliya ta yi dariya har da hawaye, ta sayo mata shawarma. Batulu ta warware ta, ta dudduba, ta ce gurasa ce aka yi wa likkafani. Ita kaɗai ce ba ta yi dariyar maganar ba.

Bayan azahar suka shiga Kantin Kwari. Wanda bai taɓa shiga ba zai yi wuya ya fahimci cunkoson: layuka matsattsu, atamfa da shadda da leshi jibge har rufi, 'yan dako suna ratsawa da dilar yadi a ka. Raliya ta ɗauko wata atamfa mai furanni ta kara a kafaɗar gwaggonta ta ce ta bayan fita takaba ce. Batulu ta ture ta, ta nuna wani yadi mai duhu marar zane. Mai shago ya warware shi, ya ɗauko almakashi. A daidai nan wata murya ta taso daga bayansu:

"Gahwara! Gahwara dai, kaya!"

Wannan karon ba harshen kaɗai ta gane ba. Ta gane muryar. Ta juya ta dubi mutumin da ke ƙarƙashin dilar, ramamme, da gemu da ya fara fari, ta ce, "Barau?"

Barau maƙwabcinsu ne a Faru. Shekara guda kafin ɓacewar Nagode, an tare hanya an kashe mutane, wani ya rantse ya ga Barau cikin waɗanda suka faɗi. An yi zaman makoki, an yi sadaka, matarsa Zahra'u ta yi takaba ta fita ta yi aure.

Ya sauke dilar a hankali ya durƙusa. "Gwaggo, ina wuni."

"Kai na, ko idona?"

"Ni na, Gwaggo."

"Barau, da hannuna na daka gumbar sadakakka. Na ci, na ba yara."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ba a kashe shi ba, daji aka shiga da shi, ya daɗe a can kafin Allah ya ba shi hanyar gudu. Ya ɓulla wani gari mai nisa ba shi da lafiya, kafin ya warke labari ya iske shi cewa an yi masa addu'ar arba'in, daga baya kuma ya ji Zahra'u ta tare a gidan wani har ta haihu.

"In na koma, Gwaggo, auren wa za a kashe? Yaron hwa? Na ga gara in bar su yadda suke."

Batulu ba ta ce masa ya kyauta ba, ba ta ce bai kyauta ba. Ta tambaye shi Nagode.

"Wallahi ban gan shi ba, can ko nan. Amma irina muna da yawa. Akwai a kasuwar Singa, akwai a ta 'Yan Kaba, wasu sun wuce Legas. Wani kunya ta hana shi komawa, wani tsoro, wani hankalinai bai dawo daidai ba."

Barau ya ɗauki shirunsa a matsayin tausayi, kuma babu mai musun cewa wahalar da ya sha ta isa a yi masa uzuri. Sai dai uzuri ba ya mayar da kuskure daidai. Hukuncin auren Zahra'u na malamai ne da alƙali, ba nasa ba ne shi kaɗai a ƙarƙashin dila. Ya yanke shi ne ta hanyar ɓuya, ya bar mutane suna gina rayuwa a kan labarin da ya san ba gaskiya ba ne. Cutarwar kuma ba ta tsaya a gidansa ba. Ta faɗa a kan matar da ba ta da hannu a lamarinsa, wadda ta yi shekaru tana lallashin zuciyarta ta karɓi mutuwa, ta kusa yin nasara, sai ga mamaci ya durƙusa yana gaishe ta.

Mai shago ya ce, "Hajiya, in yanka?"

Ta ce ya naɗe abinsa.

Da ta koma Talata Mafara, Malam Surajo ya saurari labarin duka bai katse ta ba. Ya ce maganar Barau nauyi ce da ta hau kansa yanzu, zai kai ta ga malamai. Game da ita kuwa, ya tuna mata cewa rayuwar Barau ba hujja ba ce a kan rayuwar Nagode, kuma shari'a ta riga ta buɗe mata ƙofa.

"Ta buɗe, Yaya, amma ba ta tura ni ba. Ko ta tura?"

Ya san shari'a ba ta tura ta ba. Can ya ce, "To har yaushe, Batulu?"

"Har wanda ya wanke shi ya zo ya hwaɗa min da bakinai."

Bai sake tayar da maganar ba. Tana nan a gidansa, ta tsufa fiye da shekarunta, kuma idan baƙo ya tambayi ko wace ce, matan gidan sukan ce matar Nagode ce.