Akuyar da Uzairu Kujera Ya Zana

Duk wanda ya yi firamare a Kunci a zamaninmu ya san Uzairu ɗan gidan Malam Jaji, yaron nan na bencin baya mai cika bayan littafin lissafi da zane. Ajinmu ɗaya da shi, ba labari aka ba ni ba. Allah ya zuba masa son zane har wuya, amma hannun zanen bai biyo da wuri ba.

Muna aji huɗu malami ya ce kowa ya zano dabbar gidansu. Uzairu ya ɓata kwana biyu a kan akuyar innarsa, ya kawo yana ƙyalli. Malami ya ɗaga takardar ya ce, "Wa zai gaya mini mene ne wannan?" Sai Tabita 'yar gidan Shago, ta ƙauyen bayan rafi, ta ɗaga hannu da iyakar gaskiyarta ta ce, "Malam, kujera ce 'yar tsuguno." Daga ranar sunansa ya koma Uzairu Kujera. Ya yi gemu, gemun ya yi fari, sunan bai tsufa ba.

Da ya gama makaranta ya wuce koyon aikin dabbobi, ya dawo mana malamin dabbobi, da babur da akwatin allura a baya. Shekara talatin da biyar yana bin rugage da gidaje. Saniya ta take shi, rago ya tunkuye shi, jaki ya harbe shi a ƙofar gidan surukansa ranar da ya je gaisuwa da sabuwar riga, duk da haka aka ba shi auren Amsa. Aikin ya shige shi har ƙashi. Ya dubi akuya sau ɗaya, zai faɗa maka shekarunta, da haihuwarta nawa, da abin da ta sata ta ci jiya. Fuskar mutum ce ba ta zama masa. Sai ya gaishe ka sau uku a kasuwa ɗaya, a na ukun ya gane ka saboda ya tuna ɗan bunsurunka mai ɗingishi.

Da ritaya ta zo, tsararrakinsa kowa ya nemi inuwa da rediyo. Shi kuwa sai ya tafi Bacirawa wajen 'yarsa, ya dawo da gwangwanayen fenti da buroshi da falankai shida. Amsa, baiwar Allah, har ta fitar da kayan ɗakinta tsakar gida, tana zaton bango za a gyara mata.

Ya fara da zanen masallacin Juma'a, masu wucewa suka yaba masa, wai rumbun ya yi kyau. Ya zaunar da Amsa wuni guda ya zana ta. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Malam, ko wace ce wannan, Allah ya jiƙanta." Da falankin ta rufe akurkin kaji, kuma tun daga lokacin muzuru bai sake zuwa ba.

Uzairu dai burinsa ɗaya ne a duniya: kafin ya mutu wani ya tsaya gaban zanensa ya faɗi abin da ke ciki ba tare da an raɗa masa ba. Bai gaya wa kowa wannan ba sai Amsa, Amsa kuma ta gaya wa kowa.

To, kun san yadda muke yi. In an kwashe amfanin gona sai a saki awaki su yi ta gararamba duk rani. Ruwan shuka na sauka mai unguwa zai sa a yi shela, kowa ya kama nasa ya ɗaure. A irin wannan lokaci Uzairu ya leƙa gidan maƙwabcinsa Nababa ya ga wata jar akuya mai farin goshi a turke, ba ta da inda za ta. Ya ɗauko kujerarsa da falanki. Kwana tara yana kanta. Kuma da yake akuya ce, ba matarsa ba, sai idon malamin dabbobi ya karɓi aikin. Bai bar komai ba: ƙahon dama da ya ɗan gutsure, tabon ƙaya a cinya, tsaga biyu a kunnen hagu.

Ranar kasuwa ya jingina zanen a rumfar mai shayi, ya koma gefe ya zauna kamar bai san mai shi ba. Nababa ma yana wurin yana shan shayinsa.

Sai ga Tabita da ƙwaryar daddawa a ka, ta zama tsohuwa mai jikoki goma sha, bakin nan nata kuwa yana nan yadda muka san shi. Ta wuce, ta dawo da baya, ta sauke ƙwarya.

"Wayyo ni! Kyalla!"

Uzairu ya miƙe. "Tabita, me kika ce wannan ce?"

"Akuya mana, Kujera, ka makance ne? Akuyata ce! Ga tsagar gidan Shago nan biyu a kunnen hagu, tun kakanninmu haka muke yi. Tun da aka saki dabbobi nake nemanta, na zaga ƙauye bakwai. A ina ka gan ta?"

Nababa ya ƙware da shayi. Ya yi tari, ya ƙyafta ido, ya yi wa Uzairu alama da gira har hularsa ta karkace. Uzairu ya gane. Katangarsu ɗaya shekara talatin, rijiyarsu ɗaya. Abu mai sauƙi ne ya ce daga kansa ya ƙirƙiro ta, magana ta mutu. Amma in ya faɗi haka, to Tabita kuskure ta yi ke nan, zanen bai yi kama da komai ba, ya koma Kujerarsa ta aji huɗu. Ya dubi Nababa, ya dubi falanki.

"A turken Nababa take," in ji shi. "Ta uku daga bakin zaure."

"Kai Malam, Allah ya isa!" Nababa ya yi tsalle. "Ita ta shigo da ƙafarta! Wata huɗu tana cin dusata. Da aka yi shela in bar ta ta cinye shukar mutane?"

"Sannu da taimako, Alhaji," in ji Tabita. "Kunnen nata fa, ba ka duba ba?"

"Ni malamin dabbobi ne da zan riƙa leƙa kunnen akuya?"

Rabin kasuwa ya bi su gidan mai unguwa, mutum biyu ɗauke da falanki a gaba kamar kayan lefe. Aka jawo akuya aka tsayar da ita kusa da zanen. Dattawa suka sa tabarau, suna duba nan suna duba can, suna ƙirga tabo. Ita kanta Kyalla ta ja da baya ta kai wa falankin karo. Mai unguwa ya ce shaida ta ƙare. Uzairu bai ji hukuncin ba ma, yana can yana kallon mutum hamsin sun yi cincirindo a kan zanensa, kowa na cewa "akuyar ce sak." Ya share ido da hannun riga ya ce warin fenti ne.

Uzairun ne ya shafa cikin akuyar ya ce tana da juna biyu, kuma tagwaye ne. Aka yanke in ta haihu ɗaya na Nababa, ladan dusa. Nababa ya daina amsa masa sallama har ranar da aka kawo masa 'yar akuyarsa, sannan ya leƙo ta katanga ya ce ko Malam zai zana masa ita, don gudun ɓacin rana.

Yanzu duk kaka, kafin a saki dabbobi, mata layi suke yi a ƙofar gidansa da awakinsu a igiya, don ya zana musu su. Zanen Kyalla yana rataye a ɗakin Tabita. Ranar da ta zo ɗauka ya tambaye ta a hankali ko da gaske ya yi kama.

"Akuya dai ka iya, Kujera," ta ce. "Amma ka kuskura ka zana ni, sai mun koma gaban mai unguwa."