Malama Dela da Tantabarun Baba Halliru

Kafin rana ta gama ɗagowa kan duwatsun Kazaure, Malama Dela ta goge teburinta a asibiti, ta jera 'yan kwalabenta: ruwan furen ciyawa, na gashin kyanwa, na ƙurar ɗaki. Aikinta gano abin da mutum ke shaƙa yana toshe masa ƙirji. Takan ɗiga ruwan a fatar hannu, ta ɗan taɓa da tsinin allura, sannan ta jira. Inda ya tasa kamar cizon sauro, nan matsalar take. Ban taɓa ganin mai jira cikin natsuwa irinta ba, sai ka ce sauraron fatar take yi.

Bana za ta yi ritaya, ni kuwa Baba Halliru na Gwiwa nake ta tunawa. 'Ya'yansa sun yanke cewa tantabarun da marigayiya matarsa ta bari ne ke hana shi numfashi, za su kai su kasuwar Babura. Tsohon bai musa ba, sai dai ya daina cin abinci sosai.

Da aka kawo shi asibiti ta gwada fatarsa, ko'ina shiru, ba inda ya tasa, har wurin ɗigon tantancewa da ke tashi a jikin kowa.

"Baba, me kuka sha kafin ku taso?"

"Ɗan maganin mura ne, 'yar nan, kada in cika wa ɗan acaɓa kunne da atishawa."

Ta yi murmushi, ta dubi Sama'ilu, babban ɗansa. "Gwajin fata nan take yake magana, amma wannan magani na rufe wa gwajin baki. Na jini ba ruwansa da magani, sai dai a kai jinin Kano, a jira. Don Allah ku ƙyale tsuntsayen nan tukuna."

Da sakamako ya dawo, ashe ba tantabaru ba ne, wasu ƙananan ƙwari ne a tsohuwar katifarsa, waɗanda ido ba ya gani. Aka sauya katifa, ƙirji ya buɗe.

Ke ce, Dela mai sanyin hannu, kika ƙi yarda da shirun fata. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi tambaya kafin yanke hukunci.

Sama'ilu ya ce yanzu kowace yamma tsohon na zaune a tsakar gida, tantabaru na sauka a kafaɗarsa, yana kiransu da sunayen da matarsa ta raɗa musu.