Gwaggo Gobnait da Jifan Takalmi

A garinmu Carrigrua, duk mai son ganin hasumiya sai ya fara ƙwanƙwasa wa Gwaggo Gobnait, don mabuɗin a bayan ƙofarta yake rataye, kusa da tsintsiya. Ƙanwar babana ce, 'yar firit da ita, da kaɗan ta ɗara teburin girkinta, amma in ta ɗaga murya har masunta a bakin teku sai sun waiwayo. Ba ta miƙa mabuɗi sai ka zauna ka sha shayi. Ka ce a'a, ta ce sha dai. Kafin ka sake cewa a'a ta riga ta zuba.

Hasumiyar ta dangin Cullinane ce. Kakansu ya gina ta a kan dutse mai kallon teku tun zamanin takobi, wai da jinin bijimai aka kwaɓa ƙasar ginin, shi ya sa bangon ya ƙi tsagewa. Mu 'yan gidan Hourihane ko tsakuwa ba mu gada a ciki ba. Aiki muka gada. Ranar naɗin shugaban dangi, zai tsaya a bakin hasumiya da farar sanda a hannu, a cire masa takalmin ƙafar hagu, ɗan gidanmu ya jefa ta saman kansa. In ya tsallake lafiya, dangi sun yi sa'a. In ya taɓa shi kuwa, sai addu'a.

Sau ɗaya aka taɓa kuskure, in ji tsofaffi. Takalmi ya sami wani shugaba a goshi, shekara ba ta zagayo ba jirgin yaƙin Ingila ya zo ya yaye rufin hasumiyar da igwa. Har yau a buɗe take, ruwan sama na shiga yadda ya so. 'Yan Cullinane sun ce kakanmu a buge yake ranar. Gwaggo ta ce ƙarya suke, kan shugaban ne ya kumbura da girman kai har ya tare hanya.

Mulki ya daɗe da barin hannunsu, amma taro bai mutu ba. Duk bayan 'yan shekaru, a watan Yuni, sai ka ga 'yan Cullinane sun cika gari, na Boston, na Liverpool, har da waɗanda ba su iya faɗin sunan garin ba. Su zaɓi sabon shugaba, Gwaggo ta yi jifa. Daga hannun babanta ta karɓa, kuma ba ta taɓa jin kunya ba.

To, sai ga shekarar da sanyin ƙashi ya kama mata kafaɗa, ko butar shayi da hannu biyu take ɗauka. Kuma kamar da gangan, dangi suka zaɓi Fachtna Cullinane, maƙwabcinta, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar coci. Babu wanda ya taɓa ganin ƙafarsa cikin wani abu in ba takalmin ruwa ba, ko a bikin ƙanwarsa da shi ya je, kowace ƙafa kamar kwale-kwale. Ga shi sun daɗe ba sa ga maciji, don da sanyi ya shigo yake tura shanunsa su fake a ƙasan hasumiya, ita kuma ta kwana biyu tana kwasar kashi kafin baƙi su zo.

Ɗan wanta Traolach, ƙato mai ji da ƙarfi, ya zo har gida.

"Gwaggo, ki bar mini jifan bana mana. Hannun nan ko shanya ba ya yi."

"Kai? Kai da ka jefa wa kare ƙashi ka fasa tagar limamin coci? Sha shayinka ka ba ni wuri."

Baki ne kawai. Ta san dattawan taro suna ƙus-ƙus, ta kuma san in ta saki bana ta saki ke nan har abada. In kuma ta riƙe ta sami Fachtna a goshi, jikokin jikoki za su riƙa ba da labarinta tare da na kakan nan.

Sai ta zaƙulo tsohon takalmin ruwan marigayi mijinta, ta koma bayan gida tana gwada jefa shi ya tsallake igiyar shanya. Tana cikin haka Fachtna ya biyo da shanu, ya jingina da katanga.

"Gobnait, kaji kike kora, ko takalmin ne ya yi miki laifi?"

"Kanka nake aunawa, dogo. Ranar Asabar ka zo da hular kwano."

"Ai ko kin same ni babu asara, rufin dai an riga an yaye."

"Saura shanunka. Ka raba mini su da hasumiya, ko in sa a ba su kujera a taro, su ma ai 'yan Cullinane ne wajen ɓata wuri."

Ya yi dariya. Ta sake jefawa don ta nuna masa, takalmin ya bugi igiya ya dawo gabanta, ta dafe kafaɗa ba ta sani ba. Fachtna ya ga komai. Mu nan, ka ce wa mutum bari in taimake ka, gara ka zage shi. Don haka sai ya ɗaga kai sama ya ce da alama za a yi ruwa, ya kaɗa shanunsa ya wuce.

Asabar ta zo da iska mai ƙarfi daga teku. An kafa tuta, mai goge na ta ja, an jera burodi da man shanu da dafaffen dankali, amma shugaba shiru. Can sai ga shi yana tafe yana ɗingishi. Ƙafar dama takalmin ruwa. Ta hagu kuwa wani tsohon takalmin ɗaki na yadi, lagwai-lagwai, har da huda a gaba.

"Babban yatsa ne ya kumbura," in ji shi, yana yamutsa fuska. "Ko safa da ƙyar ta shiga."

Gwaggo ta dubi ƙafar, ta dube shi.

"Kumburin kakanka a ka ya tsaya, naka har ya gangaro ƙafa?"

"Ke dai yi aikinki, tsohuwa, dankali na hucewa."

Traolach ya ce wannan ai ba takalmi ba ne, a ciro ɗayan. Wani dattijo ya ce masa tun da aka aza dutsen farko na hagu ake jefawa, ba za a sauya yau don yatsan wani ba.

Aka miƙa wa Fachtna farar sanda, ya miƙe ƙyam kamar hasumiyar kanta. Gwaggo ta juya takalmin a hannu, ta ji ba shi da nauyin ko yankin burodi. Ta ja baya, ta cije leɓe, ta wurga daga ƙasa.

Takalmin ya tashi da ƙyar, ya nufi hancin Fachtna, wata mata daga Boston har ta rufe ido. Sai iskar teku ta shige ƙarƙashinsa ta ɗaga. Ya wuce hula, ya wuce tuta, yana juyi yana hawa, bai tsaya ba sai cikin wata siririyar taga can saman hasumiya, inda matattakala ta rushe tun kafin a haifi kowa. Jama'a suka kaure da ihu. Dattijon nan ya rantse ko a labari bai ji jifa irin wannan ba.

Da aka soma rawa, Fachtna ya manta da yatsa. Ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya safa, ya yi ta dukan ƙasa har rana ta yi sanyi. Gwaggo na zaune da kofin shayi tana kallonsa.

Washegari ta gasa burodi, ta naɗe a tsumma, ta kai masa da ɗuminsa.

"Ungo, na ƙafa ne."

"Tana sauƙi," in ji shi, ya yi sauri ya ɗage ta hagu.

Tun daga ranar, duk sanda zai wuce ƙofar Gwaggo sai ya yi ɗingishi, da ya sha kwana ya miƙe abinsa. Ita kuma kullum sai ta leƙo ta tambayi yatsa, sannan ta hau shi da faɗan shanu. Takalmin na nan a tagar, hankaka ya yi sheƙa a ciki. In baƙi sun gama shayi, Gwaggo kan kai su gindin hasumiya ta nuna musu, ta ce da hannu mai ciwo ta jefa. Bara na ji tana gaya wa wasu 'yan Liverpool wai takalmin ruwa ne.