Surukina da Lambobin Romawa

Na haura arba'in kafin na riƙe fensir. A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, sana'ata turara shinkafa: a jiƙa, a ɗora a wuta, a shanya, a kai inji. Wannan ko ido rufe zan yi. Amma in wayata ta yi ƙara, sai na bi gida gida ina neman mai duba mini wanda ya kira. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shi ya sa da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamarenmu, bayan la'asar, ni na fara shimfiɗa tabarma.

Malamarmu ta farko mace ce mai haƙuri. A hannunta na koyi baƙaƙe da lambobi, har na fara haɗa sunana. Ana cikin haka aka mayar da mijinta aiki Garun Malam, ta bi shi. Aka ce an samo mana wani malami. Ranar da ya shigo ina sunkuye ina feƙe fensir, sai na ji sallama da muryar da na sani. Na ɗago, sai ga mijin 'yata ta fari da alli a hannu.

Wayyo ni! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Mutumin da idan na hango shi a bakin kanal ɗin ban ruwa nake ratsa gonar albasa don kada mu haɗu, mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ko kurɓar ruwa a gabansa ba. Shi ma da ya gan ni ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban aji, ya ce, "Inna, an wuni lafiya?" Na amsa wa bango. Matan aji suka yi ta ƙunshe dariya a mayafi.

Na so in daina zuwa, amma na ɗanɗana karatu, kuma babu wani ajin. Sai na yi dabara. Na janye tabarmata can ƙarshen ɗaki, na zauna a karkace, gefena ga allo, fuskata ga taga, mayafi har goshi. Kunne na ba shi, ido kuwa na riƙe abina. Shi kuma in yana zagawa duba aikin mata, da ya iso kusa da ni sai ya sunkuyar da kai, ya kalli yatsun ƙafarsa, ya ce, "Madalla, Inna," ya wuce. Ko kaza na zana, madalla zan samu, amma a lokacin ban gane haka ba.

A haka muka iso lambobin Romawa. Na ji yana cewa ɗaya sanda ɗaya ce, biyu sanda biyu, uku sanda uku. Sai raina ya yi fari. Ai haka nake yi da gawayi a bangon madafi, duk tukunyar da na sauke in ja mata layi. Na ce a raina, ashe Romawan nan 'yan uwana ne, masu turara shinkafa. Daga nan na saki sauraro, na shiga jera sanduna. Abin da ya faɗa a kan biyar da goma ya bi ta kaina ya fita ta taga, allon kuwa dama ba na kallo.

Maƙwabciyata, wadda muke zama tabarma ɗaya, ta leƙo ta ce, "Ke, ba fa haka yake a allo ba. Akwai wani mai kama da ƙafar kaza, da wani a gicciye."

Na ce, "Ke ce malamar ko shi? Ba ki ji ya ce madalla ba?"

Ta koma kan takardarta. Ni kuwa har tausayinta nake ji.

Rannan aka ce wata Hajiya mai duba makarantu za ta zo daga Kura. Muka sha kwalliya kamar masu zuwa suna. Ta zo, ta yi tambayoyi, sannan ta ce a fito da wadda ta fi ƙoƙari ta rubuta goma sha tara da lambar Romawa. Wata daga gaba ta ce, "Ai ga wadda ba a taɓa yi wa gyara ba." Duk suka juyo gare ni. Na tashi, kaina ya fasu, na karɓi alli.

Na fara ja. Sanda, sanda, sanda, ina ƙirgawa a fili. Ina cikin ta bakwai na ji ajin ya yi tsit, na ɗauka sha'awa ce. Na ci gaba har na kusa cin rabin allo, kamar mai kafa shingen kara. Da na gama na karkaɗe hannu. Sai wata ta fashe da dariya, saura suka bi.

Hajiyar ba ta yi dariya ba. Ta karɓi allin, ta rubuta XIX a ƙarƙashin shingena, abu ɗan mitsitsi. Ta juya ga surukina ta ce, "Malam, ka taɓa duba aikin baiwar Allahn nan kuwa?" Kalma ɗaya za ta wanke shi, ya ce laifina ne, ban kalli allo ba. Amma ina zai iya faɗin haka a kan uwar matarsa? Ya tsaya kai a ƙasa, Hajiyar ta yi masa wankin babban bargo a gaban mata. Kunya ta kama ni iri biyu, tawa da tasa, kuma tasa ta fi ciwo. Na ja mayafi na fice ko takalmi ban saka daidai ba.

Na daina zuwa aji. In la'asar ta yi ina jin mata na wucewa, sai in ƙara itace a murhu don in samu abin yi. Layukan gawayin bangon madafi ma na goge su da tsumma, don ganinsu na tuna mini. Haushin surukina na ji da farko, na ce ya bar ni na yi ta tafka shirme. Daga baya na tambayi kaina, ta ina zai gyara wa wadda ta ba shi ƙeya? Wayata kuwa ta ci gaba da ƙara, ni kuma na koma neman mai duba mini.

Wata Juma'a na yafa mayafi na nufi gidan 'yata, abin da ba na yi sai da dalili babba. Na tarar mijin nata yana ɗaki, asabari a sake. Na zauna a tsakar gida kusa da ƙofar, na ce wa 'yata da ƙarfi yadda zai ji, "Ki faɗa wa Malam, karatu na zo nema, ba gaisuwa ba. A gida ni Inna ce. A aji kuwa a duba aikina kamar na kowa."

Daga ciki ya ce, "To, Inna."

Ranar Litinin na koma. Na ɗauke tabarmata daga ƙarshen ɗaki na kai ta sahun tsakiya, na fuskanci allo, ko da yake idona bai wuce hannunsa ba. Ya sake bayanin tun daga farko, na ga V ɗin biyar da X ɗin goma da idona, na ji yadda ƙarami ke ragewa in ya zo gaba, yana ƙarawa in ya biyo baya. Ya ce kowa ta rubuta tara. Na rubuta, na sa sandar a bayan X.

Ya zagayo. Da ya iso kaina ya durƙusa, ya duba takardar, ya daɗe yana dubawa. Maƙwabciyata ta leƙo. Can ya ce, "Inna, a gafarce ni. Ba daidai ba ne."

Na ɗauki abin gogewa, na ce, "Madalla, Malam."