Takardun da Kawu Mahamane Ya Rufe a Ƙotar Bindiga

Kawu Mahamane ɗan masassaƙa ne, daga wani ƙauye gabas da Damagaram. Mahaifinsa yana sassaƙa turmi da akushi, amma an fi saninsa da ƙotar bindigar maharba. Maharbi zai zo da ƙarfen da maƙeri ya ƙera masa, a auna shi daga gwiwar hannu zuwa yatsa, a sa ya kwantar da kumatunsa a kan guntun ƙirya, sannan a ce ya dawo bayan kasuwa biyu. A cikin wannan aiki Kawu ya buɗe ido.

Ya shigo Amurka a shekarar 2004. Ya yi tuƙin tasi har bayansa ya soma ciwo, ya koma tuƙin motar da ke kai wa asibitoci kaya. Shi da matarsa, Inna Balkissa, suka samu gida a garin Largo, irin gidajen nan masu manne da juna, da ɗan gareji a ƙasa. Mota ba ta taɓa kwana a garejin ba. Zarto ne a ciki da magagari kala-kala, da gizagon mahaifinsa wanda ya zo da shi a ƙasan akwati.

Maƙwabcinsa Katung, injiniya ne ɗan Kafanchan, shi ya jawo shi cikin wannan harka. Katung yana farautar barewa duk kaka tare da wata ƙungiya ta maharba. Wata shekara ƙotar bindigarsa ta tsage, Kawu ya sassaƙa masa sabuwa da icen walnat, ta zauna masa a kafaɗa kamar da ita aka haife shi. Daga nan abokan farautarsa suka fara zuwa. Wasu ƙota suke so. Wasu, masu cika harsashinsu da kansu, suna son tebur mai kauri da ba ya girgiza, ko allon katako mai ramuka hamsin da ake jera kwanson harsashi a kai. Kawu yana da ƙa'ida ɗaya: ƙarfen bindiga da albarushi ba sa shiga gidansa. Mutum ya kwance tsohuwar ƙota ya kawo, in an gama sabuwa shi zai je gidan mai ita ya gwada.

Akwai kuma abin da yake yi wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin ya rufe gindin ƙota, sai ya huda rami mai zurfin yatsa. Ya ɗauki ƙaramar takarda ya rubuta da ajami: bisimilla, da addu'ar Allah Ya tsare wannan bindiga daga jinin ɗan Adam, da sunansa da na mahaifinsa, da shekara. Ya naɗe, ya tura, ya toshe da katako, ya goge har ba a ganin wurin. Haka mahaifinsa yake yi. Maharban ƙauyensu duk sun san tana nan, kuma ba a maganarta, don haka Kawu bai ga abin faɗa ba.

Wata Asabar bayan la'asar, saura mako biyar ya shiga intabiyun zama ɗan ƙasa wanda ya yi shekaru yana jira, Katung ya leƙo gareji. Bai yi tsokanar da ya saba ba. Ya buɗe tafin hannunsa, ga takarda a naɗe kamar karan sigari.

"Malam ɗan Nijar, mene ne wannan?"

Kawu ya ajiye magagari. "A ina ka samo ta?"

"A gindin bindigata. Roba na so in sa mata saboda kafaɗata, na yanke kaɗan, sai ga laya ta faɗo."

"Ba laya ba ce, Injiniya. Addu'a ce." Ya karanta masa.

Katung ya saurara har ƙarshe, ya ɗan yi dariya. "To ni da nake zuwa coci, ashe shekara shida ina yawo da bisimilla a kafaɗa. Shi ya sa barewa ke guduna." Sai dariyar ta ɗauke. "Ni na gane, a Kaduna na girma. Amma ka tsaya. Ƙota nawa ka yi?"

"Goma sha huɗu."

"Duk akwai wannan a ciki?"

Kawu ya gyaɗa kai.

"Malam, rabin mutanen nan a ofisoshin gwamnati suke aiki, can unguwar Sawutwes. Ka ɗauka ɗayansu ya yanke gindin bindigarsa kamar yadda na yi. Ya ga rubutun Larabci a ɓoye, an toshe an goge don kada a gani. Ba wurinka zai zo ba. Waya zai ɗauka ya kira hukuma. Kuma da sunanka a ciki, ko?"

"Da na mahaifina."

"Ka ma sauƙaƙa musu aiki."

Da Katung ya tafi, Kawu ya zauna a kan benci. Bai yi laifi ba, ya san wannan. Amma ya san yadda takarda take a ƙasar nan. Mutum ɗaya ya buga waya, a buɗe fayil, a ce a dakata da maganarsa sai an bincika, kuma ba wanda ya san ranar da bincike ke ƙarewa. Ya ga direbobi biyu da aka yi wa haka a kan abin da bai kai wannan ba.

Inna Balkissa ta sauko da shayi ta same shi a haka. Da ta ji labari, ta dafe ƙirji.

"Baban Fatouma, shekara nawa kana wannan ban sani ba?"

"Ba a faɗa ne."

"A Damagaram ba a faɗa! Nan Damagaram ce? To yanzu ka yi shiru. Wa zai yanke gindin bindigarsa cikin mako biyar? Ka bari ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa tukuna."

"Farauta za a buɗe, Balkissa. Yanzu ne kowa ke fito da bindigarsa yana gyara."

"In ka je ka faɗa da bakinka fa, wani ya tsorata ya kai ƙararka?"

"Zai iya."

"In ka yi shiru?"

"Zai iya."

Ta ajiye shayin a kan tebur da ƙarfi har ya zube a kan garin katako, ta haye sama.

Kwana uku yana juya maganar a cikin mota, a cunkoson babban titin Beltwe, har ya wuce mafitarsa sau biyu. A rana ta huɗu ya rubuta sunayen mutum goma sha uku a bayan ambulan. Katung ya fassara addu'ar zuwa Turanci ya buga ta a takarda, ya kuma ce zai raka shi, tun da shi ya haɗa su.

Suka bi gida-gida, duk Asabar da Lahadi. A kowace ƙofa sai Turancin Kawu ya gudu, Katung ya fara magana shi ya ƙarasa. Ya riƙa tafiya da ɗan abin huda katako a jaka, yana ce wa kowa in ba ya so zai cire yanzu a gabansa. Da yawa sun yi dariya suka ce a bar ta. Wani tsohon soja a garin Girinbel ya karanta fassarar sau biyu, ya ce a ƙara masa ɗaya a teburinsa. Mutum uku suka ce a cire. Ɗaya daga cikinsu bai ce su zauna ba. Ya tsaya a kansu har aka ciro takardar, ya ɗauki hotonta da waya, ya ce zai nuna wa wanda ya iya karantawa. A mota Kawu ya miƙa wa Katung makulli, shi ne ya yi tuƙi.

"In ya nuna wa Balarabe, ba zai iya karantawa ba," in ji Kawu. "Hausa ce."

"To ai sai su dawo wurinka ka fassara musu. Ka samu aiki a gwamnati ke nan."

Kawu bai yi dariya ba.

Gidan ƙarshe na wata dattijuwa ne, Edna. Mijinta ne ya ba da aikin, kuma ya rasu a bara. Ta karɓe su da fara'a, ta kawo musu ruwa, ta karanta fassarar ta share hawaye, ta ce da mijinta ya ji daɗin wannan. Sannan ta ce bindigar ba ta wurinta. Ba ta son ganinta a gida, ta kai wani shago a jihar Bajiniya sun sayar mata.

Kawu ya tambaye ta ko ta san wanda ya saya. Ba ta sani ba. Washegari suka buga wa shagon waya, aka ce musu ba a ba da sunan mai saye.

Saura kwana tara ke nan. Ya je wurin wata lauya, ta saurare shi tana taɓa biro a haƙori, ta ce ya rubuta duk abin da ya faru, ya haɗa da fassarar da sunayen waɗanda ya je wurinsu, ya riƙe a jaka. In an tambaye shi ya faɗi gaskiya yadda take. A cikin kwanakin nan ya rame har Inna Balkissa ta ƙara wa bel ɗinsa huda. Ta daina yi masa faɗa. Da safe kafin ya fita aiki sai ta tsare shi a kicin tana yi masa tambayoyin intabiyun, yana amsawa ido a kan taga.

Ranar intabiyu wata jami'ar gwamnati ta tambaye shi tambayoyinta, ta sa ya karanta jimla ɗaya ya rubuta ɗaya. Hannunsa yana kan jakar tun daga farko har ƙarshe. Ba ta tambaye shi komai game da katako ba. Bayan wata guda ya yi rantsuwa.

Har yanzu yana sassaƙa, kuma bai daina rubuta addu'ar ba. Sai dai yanzu a hannu yake miƙa ta tare da fassararta, mai bindiga ya zaɓa. Mutumin da ya ɗauki hoto bai sake magana ba, bai kuma sake kawo aiki ba. Ita kuwa ƙotar mijin Edna tana can a kafaɗar wani da bai san Kawu ba. Idan wayarsa ta yi ƙara da lambar da bai sani ba, yakan kashe injin goge katako, ya share hannunsa a riga, ya tsaya yana kallonta.

"Ka ɗauka mana," Inna Balkissa takan ce daga saman bene. "Masu tallar inshora ne."

Sai ya yi bisimilla ya ɗauka.