Malam Ruben, Ka Tafi Ka Bar Ni da Bencin Baya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da hantsi, Ubangiji ya kira bawansa Malam Ruben gida. Dattijo ne a ikilisiyarmu ta Gangaren Tudu a nan Keffi, tsohon hedimasta, mijin Mama Filomina. Ina shago ina goge katako labarin ya iske ni. Wanda ya kawo shi bai gama rufe baki ba ya ƙara da cewa iyali sun ce ni zan yi akwati. Haka rayuwar kafinta take: kafin hawaye ya sauko an miƙo maka awo.

Ni ne Julius kafinta. Masu ilimi sun yi nasu jawabin ranar jana'iza, da Turanci mai nauyi kamar icen maɗaci. Ni kuwa a aji huɗu na sauka daga motar boko, kuma kai, Malam, kai ne direban, ka fi kowa sanin dalili. Kullum kana cewa, "Julius, kan nan naka katako ne." Ashe annabci kake yi. Da na daina zuwa makaranta ba ka bar ni na bi 'yan tasha ba. Ka zo har gidanmu, ka kama kunnena, ka kai ni wurin wani kafinta ka ce masa, "Ga ɗan'uwan kayan aikinka na kawo maka." Duk tuwon da 'ya'yana suka ci, daga wannan kunnen ya fito.

Kai mutum ne mai magana ɗaya. Lokacin da wasu suka kawo shawara a raba sujada, Mada su yi tasu, Eggon su yi tasu, mutanen kudu su ma su ware, ka bugi tebur ka ce jini ɗaya ne ya saye mu, wanda yake son taron ƙabila ya je gidan biki. Da matasa suka zo da zafi kan baƙar fatar nan da aka kashe a Amurka, suna so a yi wa'azi a kan wariyar launi, ka ce musu, "Ba fata ce ke ciwo ba, zuciya ce. Ku kawo mini zuciya, ku bar wa majema fata." Suka ce kana kauce wa magana. Ka ce su ne suke kauce wa tuba. Ni dai na yi ta gyaɗa wa kowane ɓangare kai, har wuyana ya ƙage.

Amma babu wanda zai ce bakinka kaɗai ke aiki. A kwanakin kullen korona, da kasuwa ta mutu, doyar gonarka ta Gitata ba ta ga mai saye ba, cikin mutane ta shiga. Kanikawa da masu faci, namu da waɗanda ba namu ba, har Tajudeen da ke salla a gefen garejinsa, kowa ya dafa doyar Malam. Kana cewa adalcin da ba ya shiga tukunya surutu ne.

To, a kwanakin nan ne abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru, kuma ka san ba zan iya yi maka bankwana in tsallake shi ba.

Gwamnati ta ce a daina taro. Kai ka ce hukuma tana da iko da kasuwa da tasha, amma ba ita ta buɗe ɗakin Allah ba, ba ita za ta rufe ba. Aka ci gaba da sujada a ɓoye, babu ganga, babu lasifika, ana waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Ni aka ba aikin tsaro. Kowace Lahadi ina bakin ƙofa da guduma, ina gyaran ƙyauren da babu abin da ya same shi, don ƙarar ta rufe muryar mawaƙa. Ƙusoshin da na zuba wa ƙofar nan sun isa rufin gida. Har yau in ana iska, ita kaɗai ce ba ta motsi a unguwar.

Ranar Jibin Ubangiji aka zagayo da ƙoƙo ɗaya, kamar yadda muka gada, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Ya iso hannun 'yata Zipora, wadda ma'aikaciyar jinya ce, tana sanye da takunkumi ita kaɗai a ɗakin. Ba ta karɓa ba. Ta miƙe tsaye ta ce, "Baba Malam, don Allah a rufe cocin nan kafin mu binne tsofaffinmu da hannunmu." Ni ina waje ina buga ƙusa, ban ji komai ba. Shirun da ya biyo baya na ji.

Majalisar dattawa ta zauna, kai kana shugabanta. Aka sa ta a horo saboda raina teburin Ubangiji: babu Jibi, babu waƙa, babu wata hidima, sai zama a bencin baya har ranar da za ta tsaya gaban jama'a ta ce ta yi kuskure. Bencin nan kuwa ni na ƙera shi shekarun baya. Da gangan na yi shi siriri, babu majingina, don mai zunubi ya ji a jikinsa. Har yabo na sha a kansa. Wanda ya haƙa rami, an ce ya haƙa gajere, ni kuwa ban ji ba.

Kowa ya zaci mako biyu za ta sauko. Ba ta sauko ba, kuma ba ta bar cocin ba, wanda da ta yi da kowa ya huta. Kowace Lahadi ita ce ta farkon zuwa, ta share bencinta ta zauna. A daminar nan tsofaffi biyu suka rasu a ikilisiya. Ba a yi musu gwaji ba. Ita ta ce korona ce, kai ka ce kwana ne ya ƙare. Su biyun da za su raba gardamar suna ƙarƙashin ƙasa.

Sai ga watan Oktoba, matasa suka fita zanga-zanga a Abuja kan cin zarafin da 'yan sanda ke yi wa jama'a, ita ma ta bi su da akwatin magani. Ka hau mimbari ka ce Kirista ba ɗan titi ba ne, an umarce mu mu yi wa hukuma biyayya. Bayan sujada na same ka a gindin mangwaro na ce, "Malam, a gafarce ni. Da hukuma ta ce a rufe coci mun ƙi ji, yanzu kuma an ce a ji maganarta. Wace rana ce ta biyayya, don in riƙa sa alama?" Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Julius, da ka kai aji biyar da ka gane." Na yi dariya, kai ma ka yi. Amma ban gane ba, Malam, har yau.

Tun daga nan na koma zama a tsakiyar coci. In na dubi gaba, ga wanda ya ba ni sana'a. In na waiga, ga wadda na haifa. A gida in ce, "Zipora, kalma uku ce fa, na yi kuskure. Ni sau nawa nake faɗa wa mamanki a rana ba tare da na san laifina ba?" Sai ta ce, "Baba, in na tsaya gaban Allah na faɗi abin da ban yarda da shi ba, ranar ce zan cancanci bencin." In na zo wurinka, ka ce, "In na kwance don ina sonta, gobe wa zan ɗaure don gaskiya?" Kai dutse, ita dutse, ni ne gyaɗar da ke tsakani.

Abin da jama'a ba su sani ba, yau zan faɗa. Wata rana ka zo shagona ka tsaya kana duba zarto kamar za ka saya. Can ka ce, "Bencin baya ɗin nan, aikin banza ka yi. Mutum ba zai ji wa'azi ba in bayansa na ciwo. Sa masa majingina." Na sa. Bayan 'yan watanni ka ce rana na dukan wurin, a matsa da shi kusa da taga. Da aka sayo fanka sababbi, ka ce bayan coci ya fi zafi, a fara da can. Daga baya har kushin ka sa na ɗinka masa. Yau duk Keffi babu mai horo da ke jin daɗin zama kamar 'yata. Akwai dattawan da ke kallon bencin nan da sha'awa in wa'azi ya yi tsawo. Komai ka ba ta, ban da abu ɗaya: ɗage horon.

Da Ebube, wani ɗan kudu mai sayar da kayan gyaran mota, ya zo neman aurenta, ni ne na fara gunaguni cewa za a kai mini 'ya ƙetaren kogi inda ban iya ko gaisuwa ba. Kai ka tsawata mini. Ka ce, "Yaron yana tsoron Allah? Yana aiki? To, rufe bakinka, ƙabila ba ta shiga sama." Ka sa musu albarka a falonka. Sannan ka tuna musu cewa ba a ɗaura wa mai horo aure a coci. Ebube ya ce su je wani cocin, ko ofishin rajistar aure na gwamnati. Ta ce a nan aka yi mata baftisma, a nan za a ɗaura. Yaron nan yana jira har furfura ta fara leƙo masa. Leshin da mamanta ta saya don ranar, an fito da shi an shanya an mayar ya fi a ƙirga.

Da ciwon suga ya kwantar da kai, ita ce mai zuwa kowace safiya kafin ta tafi aiki, ta yi maka allura ta wanke maka ƙafa. Ina jinku ta labule. Ka ce, "Mai taurin kai, kin zo?" Ta ce, "Na zo, Baba Malam. A wurin wa na koya?" Ana saura kwana kaɗan ka tafi, na durƙusa a gefen gadonka da wannan tsohuwar gwiwa tawa, na ce ka kira dattawa ka sake ta tun kana da baki. Ka dubi rufi. Ka ce, "Julius, yarinyar nan ta fi 'ya'yan cikina kama da ni." Na ce to. Na jira sauran maganar. Ka juya fuska bango.

Yanzu ka tafi da makullin a aljihu. Na je wurin sauran dattawa, sun ce ba za su kwance abin da Malam ya ɗaure ba tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na ce ai damina na tafe. Ba wanda ya yi dariya.

Ranar jana'izarka coci ya cika har waje. An jera wa iyali kujeru a gaba, kusa da akwatin da na yi maka da mafi kyawun katakon da nake da shi. Zipora tana inda ka bar ta. Aka shigo da Mama Filomina ana riƙe da ita. Ta kai tsakiyar coci, daidai inda nake, ta tsaya. Sai ta zare hannunta, ta juya, ta taka a hankali har baya ta zauna kusa da 'yata. Fasto ya aiko a dawo da ita. Ta ce, "Ku gaya masa nan ne mai fanka." Matan zumunta biyu suka tashi suka bi ta, ta uku ba ta sami wuri ba ta tsaya a tsaye. Horo bai tashi ba, aure bai ɗauru ba, dattawa ba su sake zama ba. Amma da aka fito, Mama ta kama hannuna ta ce, "Julius, bencin nan ya yi kaɗan." Ragowar katakon akwatinka yana shago. Na riga na auna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Filomina, da 'ya'ya da jikoki, da ikilisiya baki ɗaya, da duk wanda ya taɓa shan bulalarka ko cin doyarka, don yawancinmu mun sami biyun. Ubangiji ya ta'azantar da mu, ya ba dattawan da suka rage zuciyar da za ta ƙarasa maganar da ka fara ka juya bango.

Kai kuma, Malam, Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka inda ka tsananta, ya sāka maka inda ka tausaya, ya karɓe ka ba tare da ya jira kalma uku daga bakinka ba. Ya zaunar da kai a sahun gaba. In kuwa ya ga sai ka ɗan taɓa zaman baya, ina roƙonsa ya ba ka mai majingina, kusa da taga. Amin.