Lahadi Uku da Gerlinde Ta Yi Aiki

Shekara goma sha ɗaya muna guga a teburi ɗaya ni da Gerlinde Haslbeck, a ɗakin wankin wani otal na masu zuwa wankan ruwan zafi, nan garinmu na yankin Bavariya a ƙasar Jamus. Mace ce mai taurin kai, wallahi. Ko allura ba ta ara. Mijinta Korbinian ya faɗo daga rufin gida, bayansa ya tashi aiki, ita ke ɗaga shi, ita ke ci da gidan. 'Ya'yanta biyu sun girma sun kama gabansu.

Tana da shekara arba'in da uku ciki ya shige ta. A bayan injin busar da kaya ta faɗa mini.

"Yaya Resi, na shiga uku. Jika nake jira, ba goyo ba."

"Ke da Korbi ɗin da ba ya iya ɗaura takalmi?" na ce. "Ashe dai ba duka bayan ne ya mutu ba."

Ta yi dariya har da hawaye, sai hawayen suka ƙi tsayawa.

Ƙwayar zubar da ciki take so, ta sha a gama, ba asibiti ba surutu. Amma a nan ba a ba da ita in ciki ya wuce kwana sittin da uku, kuma inshorar lafiya ba ta biya. Likitan ma sai an yi tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa. Kuɗin ya haura yuro ɗari huɗu. Na ce ta je ta tambaya ko akwai taimako. Ta harare ni.

"Mu 'yan Haslbeck ba mu taɓa miƙa wa gwamnati hannu ba. Zan nemi abina da hannuna."

Haka ta karɓi duk aikin da wasu suka ƙi a watan Mayu, har Lahadi uku a jere, tana amai a bokiti tana komawa kan zannuwan gado. Albashi ya shigo, sai motarsu ta mace, wadda take kai Korbinian gashin baya da ita. Abin da ya rage bai kai rabi ba.

A ofishin shawara, inda dole mace ta je ta karɓi takarda sannan ta jira kwana uku, aka gaya mata cewa mai ƙaramin albashi ana ɗauke mata kuɗin, in ta nema a ofishin inshora kafin a yi. Ranar da cikin ya cika kwana hamsin da tara ta haɗiye girman kanta, na raka ta.

Ma'aikaciyar ta duba takardar albashin Mayu, ta danna na'urar lissafi sau biyu.

"Ki yi haƙuri, Uwargida Haslbeck, albashinki ya wuce iyakar da yuro ashirin da uku."

"Ai ba albashina ba ke nan," in ji Gerlinde. "Ƙarin aiki na yi. Don wannan abin na yi shi!"

"Na gane. Amma abin da ke rubuce nake bi."

Ni ce na ɗaga murya, har mai gadi ya leƙo. Gerlinde kuwa ta ninke takardarta gida huɗu. Da ta zauna a gida Lahadin nan ta ci wainarta kamar kowa, da an biya mata. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Na ce zan cike mata daga aljihuna. Ta ƙi ranar, ta ƙi washegari, da ta yarda kuma likita ya ce ba gurbi sai mako mai zuwa. Kwanakin ƙwaya suka ƙare. Saura tiyata, mai tsada, wadda sai an sa mutum barci, sai kuma ta gaya wa shugabanmu dalilin hutunta. Na yi ta matsa mata. Wata safiya ta ajiye dutsen guga ta ce, "Yaya Resi, ƙyale ni. Na gaji."

A watan Disamba ta haifi mace, Afra. Inshora ta biya komai na haihuwa, har kwabon ƙarshe. Otal bai sabunta mata kwantiragi ba. Yanzu shara take yi a gidaje uku, bayanta ya fara ranƙwafawa, ga miji a kujera. Tana son yarinyar, kada wani ya ce ba ta so. Amma ban sake jin ta yi dariya irin ta da ba.

Makon jiya Afra ta zo gidana cin kek, shekararta shida, haƙoran gaba sun zube. Tana lasar cokali ta ce, "Inna Resi, Mama ta ce ke ta fara gaya wa ina cikinta. Ta yi murna sosai?"

Na goge mata baki da gefen zanen teburi, na ce, "Har kuka ta yi."